Ranar da Motata Ta Durƙusa a Farin Dutse

A shekarun da kuɗin mai suka fara yawo na sayi 'yar ƙaramar mota, na tashi daga Birnin Kudu zuwa Farin Dutse gaida surukaina. Kaka ce, ni kuma kaina ya kumbura.

Da zan koma gida, surukina ya sa aka fito mini da buhunan dawa. Ya dubi motar ya ce, "Malam, anya? A ɗaura wa jaki ya bi ka da su."

Jaki! Na ce, "Haba Baba, sifirin ɗin bayan nan da ke ɗaukar nauyin motar ƙarfen Turai ne." Na cika but, na cika kujerar baya, har da ɗorawa a sama.

Ko garin ban bari ba na faɗa wani rami. Sai ji na yi ƙau! Sifirin ya karye, ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya ya lanƙwashe, mota ta zauna daɓas kamar raƙumi ya durƙusa. Matan da ke sussuka suka ajiye taɓarya suka zo kallo.

Allah ya saka wa Baba da alheri. Ko murmushi bai yi ba. Ya kawo shanun nomansa suka ja mu har Gwaram wurin makaniki, ina ciki ina riƙe da sitiyari.

Har ya rasu, duk kaka a kan jaki yake aiko mini da dawa. Yanzu 'ya'yansa ke aikowa, da saƙo iri ɗaya: "A gaida ƙarfen Turai."