Ranar da Na Kai wa Likita Rediyo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kira ni ƙauyen Darini karatun wasiƙa ba. Lokacin ina sabon malamin firamare a Wagini, ina jin duk ƙasar Batsari babu mai Turancina.

Kawu Sale, yayan mahaifiyata, ya daɗe yana fama da ciwon kai, har ya faɗi a gona sau biyu. Likitoci a Zariya suka gano jijiyoyin jini ne suka cukurkuɗe a ƙwaƙwalwarsa, can ciki inda wuƙa ba ta isa, kuma in suka fashe sai dai wani ikon Allah. Zamanin kuɗin mai ne, gwamnati ta yarda ta kai shi Turai. Wasiƙar da aka aiko ke nan.

Na gyara zama a zaure, dattawa sun zuba min ido. Sai na ci karo da wata doguwar kalma, farkonta rediyo, ƙarshenta tiyata. Ban taɓa ganin ta ba (amma wa zai faɗi haka a gaban jama'a?).

Na ce, "Da rediyo za a yi aikin."

Inna Hajara, matar Kawu, ta leƙo ta ce, "Su za su bayar, ko mu za mu kai?"

Na ce, "Gara mu je da tamu."

Baiwar Allah ta sayar da ragonta ta sayo sabuwa a kasuwar Batsari. Da muka koma Zariya karɓar takardun tafiya, ni da kaina na ɗora ta a teburin likita, har da batura. Na ce, "Ranka ya daɗe, ga kayan aikin."

Ya dube ta, ya dube ni. Ma'aikaciyar jinya ta toshe baki ta fita da sauri.

A hankali ya ce, "Malam, ba wannan ba ce. Wani haske ne mai ƙarfi da ido ba ya gani. Ana harba shi ta ko'ina ya haɗu a kan jijiyoyin, kamar yadda ake tara rana da gilashi a ƙona takarda. Ba yanka. Jijiyoyin su riƙa toshewa da kaɗan-kaɗan."

Sai Kawu, wanda ransa ake magana a kai, ya jawo rediyon ya rungume.

Ya ce, "Likita, ni na ce ya taho da ita. Ka san zaman asibiti da kaɗaici."

Wallahi ƙarya ya yi domina.

Aka kai shi Turai aka yi aikin. Bayan shekara biyu aka ce jijiyoyin sun rufe, Kawu ya koma gonarsa. Bai taɓa tayar da maganar ba, amma direban da ya kai mu ya baza ta. Har na yi ritaya Malam Rediyo ake ce min.

Yanzu ko takardar magani aka miƙo min, sai in ce, "Mu je mu tambayi mai shi." Kunyar tambaya ta minti ɗaya ce, tawa ta kai ni furfura.