Rasuwar Mai Ƙirga, Kunnen Malam Soumaïla

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda bakinsu ma ya kasa ɗauka, iyalan Malam Soumaïla na La Courneuve, a ƙasar Faransa, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Mai Ƙirga, ɗan allon lantarkin nan da bai kai tafin hannu ba. Ya cika ranar Lahadi da la'asar a kan teburin kicin, bayan gajeriyar jinya.

Marigayin ya yi rayuwarsa a jikin ƙaramin jirgin sama na wasa da Malam Soumaïla ya haɗa da hannunsa. Aikinsa ɗaya ne: duk juyin da injin ya yi, akwatin da ke ba buji, wato fulogi, wuta ya aiko masa da sigina ta siririyar waya, shi kuma ya ƙirga, ya nuna juyi nawa ne a minti. Bai taɓa ƙari ba, bai taɓa ragi ba.

Yau dai asiri ya tonu, tunda mai rufa shi ya tafi. Sauran 'yan kulob ɗin masu jiragen wasa da kunne suke daidaita allurar da ke sakar wa inji mai, su ji kukan inji su san ya ƙoshi ko yunwa yake ji. Malam Soumaïla kuwa ya bar kunnuwansa a filin jirgin sama, inda ya ƙare ƙuruciyarsa yana lodin kaya ƙarƙashin manyan injina. Sai ya karkata kai kamar mai saurare, ya saci kallon lambar, ya gyaɗa kai irin na gwanaye, kowa na yaba masa kaifin ji. Kullum aka kunna marigayin yakan ce "tit-tit", amma Hajiya Rékia, uwargidan, ita kaɗai ta san muryarsa.

Tsafta ce ta yi ajalinsa. Malam Soumaïla ya ga wayoyi barkatai, ya ɗaure siririyar wayar da ta buji mai ɗauke da wuta mai ƙarfi wuri guda don su yi kyan gani. Garin gyaran gira ya rasa ido. Marigayin ya fara sambatu, ya ce dubu uku, ya ce dubu casa'in, sannan ƙauri ya tashi. An hura masa iska, an sake batir, an jijjiga shi, ko gezau.

Ya rasu ya bar inji ɗaya, farfela biyu, da maigida da ke zaune ya zuba tagumi. Sabon allo ba wuya a kasuwa, amma karatun da ke cikin kan marigayin, wato manhajarsa, Abdourahamane ne ya zuba shi, wani ɗalibi da ya gama makaranta ya koma Zinder, kwamfutarsa kuma ta riga marigayin tafiya. Ga shi Asabar mai zuwa ake taron masu jiragen wasa a birnin Lyon, har an roƙi Malam Soumaïla ya koya wa sababbin shiga yadda ake daidaita inji da kunne. Ya amsa tun tuni. Tsoro yake ji, kuma bai san ta inda zai ɓullo ba.

Za a kai marigayin makwancinsa gobe da hantsi, a kwandon matattun kayan lantarki na unguwa. Ana karɓar gaisuwa a gida, hawa na tara. Masu zuwa su buga ƙofa da ƙarfi, in sun shiga kuma su zauna ta hagun maigidan, inda zai ga bakinsu.