Yadda Na Zama Aljanar Rockaway

Ba zan taɓa mantawa da ranar da makarantarmu ta fitar da mu yawon keke a gaɓar teku ba. Tafiyar yini guda ce, daga Brooklyn a bi bakin ruwa har Rockaway. Sai da Umma ta sa baki kafin Baba ya yarda, shi ma da sharaɗi: "Ki manne wa malaminku. In na ji kin ɓace, keken nan sayar da shi zan yi."

Ni kuwa ban iya kallon babba a ido ba. (Ko maƙwabtanmu na Flatbush da takalmansu nake gane su.) Don haka tun da safe na yi wa malamin motsa jikinmu alama: ya ɗaure ƙafar wandonsa ta dama da roba ruwan ɗorawa don kada sarƙar keke ta kama. Na sunkuyar da kai na bi roba.

An ce mun bi ta ƙarƙashin wata ƙatuwar gada, an ce an ga jiragen ruwa da lilon Coney Island. Ni dai na ga roba, na ga yashi a kan kwalta, na ga ɓawon kaguwa da tsuntsaye suka fasa. Iska kuma tana ta kumbura farin hijabina kamar za ta tashi da ni.

Bayan azahar muka tsaya a wata danja cikin cunkoso. Da aka ba mu hannu na lalubi robata, na same ta, na bi. Na lura tayar baya ta yi ƙiba, ga ƙamshin soyayyar kaza yana tashi, amma na ce ai malami ma mutum ne. Surutun 'yan ajinmu ya ɗauke, har daɗi na ji.

Roba ta ƙara gudu, na ƙara. Ta karya kwana, na karya. Ta shiga lungu ta zagayo inda muka baro, na zagayo. Sai na ji malaminmu, Bature, yana Hausa. Hausar Nijar ma.

"Wallahi Laminu ina gaya maka, tun bakin ruwa take biye da ni! Hwarin kaya, ba ta magana, ba ta ɗaga kai!"

Na ɗago ido. Mai kai abinci ne a kan keken batir, da ƙatuwar jaka a baya, da waya a kunne. Mai hankali tsayawa zai yi ya ba da haƙuri. Ni kunya ta rufe ni, ga shi ban san hanyar komawa ba, sai na ci gaba da binsa.

"To, batir ya kusa mutuwa. Kohwato irin na aljanu? Wa zai tsaya duba mata ƙahwa? Kai taho ka duba!"

Ya kama Ayatul Kursiyyu da ƙarfi yana haki. A tsakiya ya kakare, ya koma baya, ya sake kakarewa. Mu kuwa a Islamiyya an saba mana, in na kusa da kai ya kakare sai ka ɗora shi. Kafin in ankara bakina ya ɗora shi.

Bawan Allah ya kurma ihu ya faɗa cikin furannin ƙofar wani gida. Waya ta yi nan ta mutu, lemo ya yi can.

"Sannu Kawu," na ce. "Ɓacewa na yi."

Ya daɗe yana kallon takalmana. "Ke mutum ce? Ɗiyar wa?"

Na faɗi sunan Baba. Ya dafe kai. "Mai shagon waya? Sahu guda muke sallah! Ke ko sallama ba a koya miki ba?"

"Don Allah Kawu kar ka gaya masa."

"Ni? In ce mi? Ɗiya ƙarama ta kada ni cikin hurannin mutane? Ke dai riƙe bakinki."

Ya raka ni har bakin yashi. Na tarar da 'yan ajinmu suna shan askirim. (Babu wanda ya lura ba na nan. Wannan ma abin kunya ne na daban.)

Kawu ya cika alkawari. Amma Laminu rabin labari ya ji, kuma rabin ya raba wa duniya. Ranar Juma'a Baba ya dawo daga masallaci fuska a murtuke.

"Kun ji abin da ya faru a Rockaway? Aljanar ruwa ta bi wani yaron Nijar. Mahaddaciya ce ma, har gyara masa karatu ta yi." Ya juyo kaina. "A ranar da kuka je fa! Daga yau ba ke ba bakin teku."

In na yi shiru, na rasa teku. In na yi magana, na rasa keken gaba ɗaya.

"To Baba," na ce. "Allah ya raba mu da ita."

"Amin," in ji Umma, har da tofa mini addu'a a ka.

Yanzu iyakata zagayen unguwa. Na dai koyi abu guda: kafin ki ƙulla sirri da mutum, fara tambayarsa da wa yake waya.