Jakunkunan Kawu

Ba zan taɓa mantawa da agogon hannun likitan nan ba, don shi ya fara ɗauke min hankali. Baƙin agogo a siririn hannu, ga farin gilashi, ga murya ƙasa-ƙasa. Ni kuwa lokacin na haddace littattafan soyayya fiye da karatun makaranta, kuma a cikinsu duk likita saurayi ne, duk 'yar rakiyar marar lafiya amarya ce.

Kawuna na raka. Manomi ne a Masanawa, shi ke jan salla a masallacin ƙofar gidansa. Shekara biyu yana shan jiƙon basir, sai da aka tura shi Kano aka gano ciwon daji ne a ƙarshen hanjinsa, har ya taɓa mafitsara. Kunnensa ya yi nauyi, shi ya sa dangi suka ce in bi shi, wai ni ce mai boko, in saurara da kyau in yi masa bayani a gida kafin ya ce e ko a'a. Aikina ke nan, guda ɗaya tak.

Likita ya ɗauki biro yana zane a takarda, za a cire nan, a cire nan. Ni kuwa yatsunsa nake kallo. (Har na zaɓi launin ankon bikinmu, kore mai duhu.) Da na dawo hayyacina, abin da na tsinta kawai shi ne, "Jaka biyu zai riƙa amfani da su. Ku je ku yi shawara, ku dawo ranar Litinin. Kin gane ko?"

"Na gane sarai, Likita," na ce, da wata siririyar murya da ban san ina da ita ba.

A mota Kawu ya ce, "Me ya ce, 'yar nan?"

Na ɗaga murya na ce, "Tiyata za a yi maka! Jaka biyu kawai ake so!"

"Jaka kawai? To ai da sauƙi."

Washegari na shiga kasuwar Gwarzo, na yi awa guda ina zaɓe. Na sayi shuɗiya babba, da wata mai furanni ja, don likita ya san ni mace ce mai ido.

Ranar Litinin har da Inna, matar Kawu, muka je. Likita na zaune, nas na tsaye, takardar sa hannu na kan tebur, biro na hannun Kawu.

Likita ya ce, "Malam, ka yi tunani a kan jakunkunan? Ka amince?"

"Ai mun ma taho da su," in ji Kawu.

Ni kuma, don iyayi, na ɗora su kan tebur, har na zuge zif ina nuna aljihun ciki.

Nas ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta na rawa. Likita ya cire gilashinsa ya ce, "Malama, ba ke kika ce kin gane ba?" Sai ya ja kujera kusa da kunnen Kawu, ya yi bayanin da ƙarfi. Za a cire ƙarshen hanjin da mafitsarar gaba ɗaya, a buɗe ƙofa biyu a jikin ciki, bayan gida ta ɗaya, fitsari ta ɗaya, kowanne ya zuba cikin 'yar jakar leda da ake mannawa a fata. Kuma har ƙarshen rayuwa ne.

Kawu ya ajiye biron a hankali. Ya ce, "To alwalata fa? Limancin fa?"

Tambayar da ya kamata ya yi mako guda yana juyawa a gida ke nan, ni na hana shi. Inna ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke da kika tafi da kunnuwa biyu, a ina kika ajiye su?" (Nas ɗin kuma ta raɗa min cewa 'ya'yan likita huɗu, alhali ban tambaye ta ba.)

Muka koma Masanawa da jakunkunana a cinya, ba mai yi min magana. Kawu ya tambayi malamai, ya yi istihara, sannan ya sa hannu da saninsa. Tun daga ranar, in likita na zane, takardar nake kallo, ko da agogonsa na zinariya ne.

Yau shekara shida ke nan. Kawu ya bar wa ƙanensa limanci, amma sahun farko ba ya wuce shi, kuma yana zuwa gona. A cikin mai furannin yake ajiye ledojinsa. Duk wanda ya zo gaishe shi ina wurin, sai ya nuna ni da haɓa ya ce, "Ni jaka huɗu gare ni. Biyu na likita, biyu na mai boko."