Ranar Da Na Duba Huhun Baba Da Maganaɗisu

Tari ya hana Baba zuwa kasuwar Maigatari wata biyu, sai aka kai shi Kano, aka yi masa allura, aka ɗauki hoton huhunsa. Aka ce mu jira sakamako. Ni kuwa ban iya jira ba.

Na taɓa ganin bidiyon masana suna yi wa ɓeraye allurar ƙwayoyin ƙarfe waɗanda ido ba ya gani, sojojin garkuwar jiki su haɗiye su, na'ura ta bi sawunsu cikin huhu har inda ciwo yake. Nan take na yanke cewa irinta aka yi wa Baba. Ai na yi kimiyya a sakandare.

Na ɓalle maganaɗisun tsohuwar rediyo, na ce, "Baba, kwanta."

Ina kai maganaɗisun hagun ƙirjinsa sai ya manne.

Na ce, "Innalillahi! Ƙwayoyin ƙarfen sun taru wuri ɗaya!"

Umma ta saki kwano. Gumi ya keto wa Baba, ya ce, "'Yar nan, gaya mini gaskiya. Ciwon ya ci huhun?"

Na ce, "Duk na hagun." Ko ƙiftawa ban yi ba.

Yaya Sani ya goya mu a babur zuwa asibiti a Gumel, Baba na ta yi masa wasiyya a hanya. Ma'aikacin jinya ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya zura hannu a aljihun 'yar cikin Baba, ya zaro makullin shago.

Baba ya warke da maganin Kano. Amma har yau, in makulli ya ɓata a gidanmu, sai ya dafe ƙirji ya ce, "Ku kira Likita, ta zo da rediyonta."