Ba Ruwanta da Ruwa

Ranar Laraba da misalin ƙarfe goma na safe Ɗanbaba ya shiga shagon Benjamin mai kayan lantarki a Yelwa, ya sanar da duk mai kunne cewa daga Shanga har Wara ba a haifi wanda ya kai shi sanin kyamara ba. Kada ka tambaye ni inda ya koya. Ya taɓa riƙe wa wani mai bidiyo fitila a gidan biki a Kontagora, tun daga ranar yake kiran kansa Darakta. Mutanen Wara kuwa, da ya juya baya, Baki-Ya-Fi-Jirgi suke ce masa.

Kawunsa Sallau ne ya aiko shi. Tsohon masuncin ya gaji da ƙaryata shi da ake yi a majalisa. Duk giwan ruwan da ya ce ya taɓa kamawa, abokin wasansa Andarawus sai ya ce tarwaɗa ce ta kumbura. Sallau ya rantse na gaba da hoto zai zo, wanda za a wanke a rataye a bango, Andarawus ya kalla har idonsa ya yi ruwa.

Benjamin ya fito da ƙananan kyamarori biyu, baƙaƙe, kamfani ɗaya, kowace kamar sabulun wanka. Ya buɗe baki zai yi bayani, Darakta ya ɗaga masa hannu. Ya auna nauyinsu a tafinsa, ya girgiza kowace a kunne, ya shinshina. Ya leƙa ɗaya ta gaba, ya ce tana da duhu. Sannan ya ɗauki wadda ta fi ƙyalli.

"Mu mutanen bakin ruwa ne. Wagga, ya take da ruwa?"

"Wannan kam ba ruwanta da ruwa," in ji Benjamin. "Ɗayar ita ce..."

"Ya isa. Ƙunsa min."

To, a nan ka tsaya ka saurara. Abin da Benjamin ke nufi shi ne, ita da ruwa ba sa ga maciji, ko yayyafi kada ya taɓa ta. Abin da Darakta ya ji shi ne, ko a tsakiyar Kainji ta kwana ba abin da ya dame ta. Mai shiga ruwan ta gaskiya aka mayar cikin kwali. Da Benjamin ya ce ya haɗa da memori, don cikinta hotuna kaɗan yake riƙewa, Ɗanbaba ya ƙwanƙwasa goshinsa ya ce ga memori nan wanda Allah ya yi.

Ba a daɗe ba rabon Sallau ya tsaga. Wata safiya aka jawo giwan ruwa bakin gaɓa a Wara, sai da ƙarti suka kama masa. Andarawus ya tafi gona kan tudu, bai gani ba. Jama'a suka zaro wayoyi, Darakta ya daka tsawa, ya ce hoton waya na yara ne, kuma haskensu zai rikita masa na'ura. Kowa ya mayar aljihu.

Gaskiya dai hoton ya yi kyau. Sallau tsaye, ƙirji a waje, kifin ya kusa kai shi tsawo. Tsohon ya kalla a ɗan gilashin bayan kyamarar, ya share ƙwalla, ya ba matan da ke bandar kifi izini. Kafin ka ce me, an yanyanka giwan ruwan an jera a kan wuta.

Da Ɗanbaba ya tafi gida a lokacin, da ba ni da labari. Amma ya hau bakin kwale-kwale yana lilo da kyamarar a yatsa. Zipora, uwar masu banda, ta ce, "Darakta, riƙe abin nan da kyau, kada ta sha ruwa."

"Inna, ke dai san hayaƙinki. Wagga ba ruwanta da ruwa. Ku matso in ɗauko muku hoton dangin kifin a gidansu."

Ya naɗe hannun riga, ya tsoma ta har gwiwar hannu. Kumfa ta taso. Ya ce numfashi take yi. Ya ɗago ta, gilashin ya yi baƙi. Ya ce ai ƙasan ruwa duhu ne, hoton ke nan. Ya danna, ya sake dannawa, ruwa ya ɗigo ta ƙofar batir.

"Ɗanbaba, ina kifina?" in ji Sallau a hankali.

"Kawu, yana ciki. Sanyi ta ji."

Ya binne ta a buhun shinkafa, ba ta farka ba. Ya shanya ta a kan kwanon ɗaki, ba ta farka ba. Daga nan ya ce zafin bai isa ba, ya lallaɓa ya ɗora ta a kan bandar Zipora, kusa da gunduwar kifin da ta ɗauka hoto. Da aka sauke ta, maɓallanta sun narke, tana ƙamshi har kyanwa ta biyo ta.

Ya koma Yelwa da kumfar baki, ya ce an cuce shi. Benjamin ya riƙe ta da yatsu biyu, ya tambayi ko miya za a yi da ita.

"Kai ka ce ba ruwanta da ruwa!"

"Haka na ce. Kai ka haɗa su. Yanzu ni ma ba ruwana."

A majalisa Sallau ya kawo shaidu, Andarawus ya ce duk wanda ya sha romon kifin shaidarsa ta lalace. Ya ce a nuna hoto. Sallau ya ciro ƙonanniyar kyamarar ya ajiye a tabarma. Andarawus ya shinshina ta, ya gyaɗa kai.

"Lallai akwai kifi a ciki. Amma warin tarwaɗa nake ji."

Washegari Sallau ya ɗaure kyamarar a ƙasan ragarsa, a gurbin wata dalmar nutsar da raga da ta ɓace. Har yanzu tana can, kullum a cikin ruwa take kwana.