Katin Sandika da Zanin Mai Kifi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je hana wasa a unguwar New Bell ba, ni kaɗai, da kati a hannu.

Lokacin kiriz ne, wato matsin tattalin arziki, an zaftare albashi, gidajen silima suna ta rufewa. A ƙungiyar wasan kwaikwayon Kawu Sale ni nake fitowa a masifaffiyar mai kifin kasuwar Youpwé (ba sai na yi gwaji ba, halina ne). Ladanmu shinkafa ce da kuɗin taksi. Sai Misye Garba, sakataren sandika, wato ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasa, ya zo mana da Faransancinsa: kati mai hoto, taimakon asibiti, har da shiga talabijin. Sharaɗi ɗaya ne, mai kati ba ya hawa dandamali da marar kati. A cikinmu ni kaɗai na yi kolej, ni kaɗai kuma na sa hannu.

Kawu Sale ya ce, "'Yata, to wa zai yi mana mai kifin?"

Na ce, "Kawu, ku yanki kati tukuna."

Na zauna ina jiran su zo roƙo. Wata biyu ba wanda ya leƙo. Talabijin shiru, asibiti kuwa ko ciwon kai ban yi ba balle in mora. Kwatsam na ji za su yi wasan ranar Asabar bayan la'asar a filin makaranta, sun samu wata.

Na je a fusace. Ana tsakiyar wasa na haye benci, na ɗaga kati, na ce, "Wannan matsayina ne! Wallahi sai na kai ƙara wurin sakatare!"

Mai kifin ta juyo. Zanina ne a jikinta, wanda na bari a akwatin kaya. Ƙarƙashin ɗankwalin kuma gashin bakin Misye Garba.

Ya maƙe murya ya ce, "Kamarad, ke ma kifi kike so?"

Fili ya kece da dariya, har da tafi, sun ɗauka cikin wasan ne. Na sauko daga bencin.

Bayan an tashi ya same ni, ko janbakin bai goge ba. "Kamarad, 'ya'yana shida. Kati za su ci?"

Kawu Sale bai mayar da ni ba, wai jama'a sun fi son mai gashin baki. Tun daga ranar, duk wanda ya kawo min takarda in sa hannu, sai na fara tambayarsa ko gidansa an ɗora tukunya. Zanin ma har yau Misye Garba bai dawo min da shi ba.